Sunan da Na Bayar a Tagar Kati

Shekarar da aka rufe iyakar Nijar, har kasuwannin dabbobi na wajenmu suka yi sanyi, ita ce shekarar da na kai ɗana Masar neman magani. Lokacin shekarata guda a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Daura, ina iya haɗa baƙi da wasali in karanta gajerun kalmomi. Yanzu hannuna ya ɗan faɗa, shi ya sa nake rubuta wannan da kaina, don akwai abin da ba zan iya faɗa wa wani ya rubuta mini ba.

Yaron shi ne ɗana na fari, kuma sunan mahaifina ya ci. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunya biyu ce ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ko a nan ma ba zan rubuta shi ba. Abba ake ce masa a gida. Ni ko Abban ba kasafai nake faɗa ba, "wannan yaron" nake cewa. Shekararsa ashirin da shida, da matarsa da 'yarsa ɗaya, acaɓa yake yi tsakanin Daura da Babban Mutum.

Kumburi ne ya fito masa a ƙasan gwiwar dama, ƙafar da yake tayar da babur da ita. Da ya ƙi jin magani muka tafi wani asibiti a Kano. Yana zaune a benci riƙe da ƙafar, ni na je tagar da ake yankar kati. Ma'aikacin ya ce, "Sunan mara lafiya?" Na ce, "Abba Haruna." Haruna ni ne. Da wannan sunan aka yi komai. Aka yanki 'yar tsoka daga kumburin aka duba, aka ce ciwon daji ne, amma likitoci biyu suka saɓa a kan irinsa. Babban cikinsu ya ce in da hali mu kai tsokar inda ake da na'urar da za ta bambance. Suka ba ni ita a daskare cikin kakin kyandir, ba ta kai akwatin ashana ba, da 'yar takarda manne a jiki. Na karanta takardar da kaina, har na ji daɗi a raina cewa karatu ya fara shiga. Fasfonsa kuwa da katin ɗan ƙasa aka yi shi, sunan yanka ne a ciki. Ko sau ɗaya ban haɗa biyun a zuciyata ba.

Wanda ya tarbe mu a Alƙahira wani Bahaushe ne da aka ba mu lambarsa. Ya rungume ni kamar ɗan'uwa, ya kai mu wani ƙaramin asibiti a saman shago, inda aka yi ta ɗibar jini ana ɗaukar hoto ba a cewa komai. Kwana huɗu muna zarya. A na biyar, a masallaci, na ji wani dattijo yana waya da Hausar Damagaram. Malam Shu'aibu kenan, ya fi shekara ashirin a garin yana tafinta. Da na nuna masa takardunmu sai ya girgiza kai.

"Nan ai gyaran hanci da cire tumbi suke yi. Wa ya kai ku?"

Na faɗi sunan mutumin.

"To, ya ci ladansa ya wuce. Gobe bayan asuba ku shirya."

Shi ya sama mana ɗaki ɗaya a hawa na uku, a wani gida da wani tsoho da ake kira Ammu Sayyid yake gadinsa. Ɗaki ɗaya ni da ɗan fari, gado yana kallon gado. Tun da aka haife shi ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. A gida in ina da magana da shi, uwarsa nake faɗa wa ko ƙanensa. A nan babu kowa sai bango, don haka bangon nake yi wa magana.

"Mutum dai ya kamata ya sha maganinsa."

Shi kuma ya dubi taga ya ce, "Mutum ya sha, Baba."

"Mutum ya ci burodin nan kafin ya bushe."

"Mutum ya gaji da wake da burodi, tuwo yake mafarki."

Hawa ukun nan Ammu Sayyid ne yake kama masa kafaɗa ɗaya ni ɗaya. Ba ma jin yaren juna sai sallama da godiya, amma kullum da hantsi zai hau da shayi kofi biyu, ba ya karɓar komai.

A babban asibitin da Malam Shu'aibu ya kai mu, likitan ƙashi ya daɗe yana duba hotuna. Sannan ya yi magana a hankali, Malam Shu'aibu yana juyawa. Ya ce ana iya ceton ƙafar in aka fara ƙarin ruwan magani da wuri, kumburin ya sauka kafin ya cinye ƙashin. Amma irin wannan ciwo kala-kala ne, a ido duk kama suke, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai rubutun gado, wani lokaci sai sassa biyu na rubutun da ba su da haɗi su manne da juna, mannewar ce take haifar da ciwon. In an gano waɗanne biyu ne suka manne, an san sunan ciwon. Na'ura ce take karanta tsokar, kwamfuta ta nemo mahaɗin. Mako biyu ake yi. Da na fito da tsokar Kano daga aljihu sai fuskarsa ta saki.

"Ya ce kun rage wa kanku hanya," in ji Malam Shu'aibu. "Gobe a kai ta ɗakin gwaji."

Washegari ƙafar ta matsa wa yaron, muka bar shi a ɗaki. Wurin karɓar kayan gwaji cike yake da mutane, maza da kwat, mata da takardu a hannu. Ma'aikacin ya karɓi tsokar, ya buɗe fasfo, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sai ya ɗaga murya ya karanta sunan mahaifina, a gaban kowa. Ya ɗaga tsokar ya ce wani abu, mutane suka waigo.

Malam Shu'aibu ya ce, "Yana tambaya, wannan sunan daban wancan daban. Na ce masa Abba sunan gida ne. Ya ce to wa ya sa sunan gida a kan kayan asibiti? Malam Haruna, kai ka ba su sunan ko su suka rubuta?"

Na dubi mutanen nan suna kallon babbar rigata da hulata. Na ji kamar in na ce ni ne, za a tambaye ni dalili, in ce ba na iya faɗin sunan ɗana, su yi dariya su ce ga baƙauye ya zo daga daji. Abin da ya zo mini kenan, ba wani abu mai girma ba.

Na ce, "Su ne. Na ba su katinsa na ɗan ƙasa, suka rubuta abin da suka ga dama."

Malam Shu'aibu ya ɗan dube ni, sannan ya juya maganar kamar yadda na faɗa. Ma'aikacin ya shiga ciki, ya fito da wata mata mai tabarau, Dakta Huda, ita ce mai kula da aikin kwamfutar. Ta ce asibitin da aka ba shi kati a hannu ya rubuta wani suna, ta yaya za ta amince bai haɗa naman wani da na wani ba? Ba za ta ba ɗana maganin ciwon wani ba. A sake yanko sabuwar tsoka a nan.

Ta miƙo mini abata na mayar aljihu. A lokacin ma ina iya cewa tsaya, ba haka aka yi ba. Amma yanzu kunyar ta zama ta maƙaryaci a gaban Malam Shu'aibu, mutumin da ya tsince mu a masallaci. Na ce wa kaina yankar tsoka ai aikin kwana biyu ne.

Kwana tara aka ba mu kafin layi ya zo kanmu. Aka yanka. Bayan mako guda aka kira mu aka ce abin da aka samo mataccen nama ne daga tsakiyar kumburin, na'ura ba ta sami abin karantawa ba. Za a sake, amma wurin yankan ya yi ruwa, sai ya bushe tukuna. Duk wannan tsawon lokacin tsokar Kano tana aljihun rigata, ina sallah da ita, ina kwana da ita.

Uwarsa takan kira da yamma. "Malam, me suka ce?"

"Ana kan gwaji."

"Gwajin nan ba ya ƙarewa? Ba ka ce ka kai musu na Kano ba?"

"Sun ce nasu ya fi."

Sanyi ya shigo garin, irin wanda ban san shi ba, mai shiga ƙashi. Na yi kewar furar gidana, na yi kewar zama a ƙofar masallacin unguwa inda kowa ya san ubana. Yaron ya daina iya wanka da kansa. Ni nake ɗora ruwa, in cuɗa masa baya ina kallon gefe. Rannan ina goge masa ƙafa mai lafiyar ya ce, "Baba, in aka ji wannan a Daura, ai sai 'yan tasha su sa mini suna ɗan gata."

Na ce, "Mutum ya rufe bakinsa, sabulu zai shiga."

Kwana goma sha tara da yin ƙaryata, da azahar, ya miƙe zai yi alwala. Na ji ƙara kamar an karya karan dawa. Ya faɗi bai yi ihu ba, sai salati. Ƙashin ne ya karye a daidai kumburin. Ammu Sayyid ya kira wasu maza biyu daga shagon ƙasa, muka sauko da shi a cikin bargo.

Aka ɗaure ƙafar aka kwantar da shi. Likitan ƙashi bai ƙara maganar ceton ƙafa da irin muryar da ba. Duk da haka sai da na ƙara kwana huɗu ina juya maganar a cikina. A na huɗun na tsayar da Malam Shu'aibu a bakin matakala.

"Malam, ni na ba su sunan a Kano. Ba wani kati da na miƙa."

Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na yi zargi tun ranar. Amma kai babba ne, ka faɗi magana a gaban mutane, ni kuma abin da aka faɗa nake juyawa. Da na ja ka gefe. Wannan laifina ne. Tashi mu je."

Dakta Huda tana gaban kwamfutoci biyu muka same ta. Na ajiye tsokar a teburinta, na faɗi komai ina kallon ƙasa: ɗan fari ne, sunan mahaifina ne, bakina ba ya iya ɗauka. Ina jiran dariya ko faɗa. Ta cire tabarau ta yi magana a taƙaice.

Malam Shu'aibu ya ce, "Ta ce a ƙauyen mahaifinta namiji ba ya faɗin sunan uwarsa a gaban maza, ko za a yanka shi. Ta ce da ka faɗa mata da ta gane nan take."

Ta ƙara wata magana. Wannan Malam Shu'aibu bai juya ba.

"Faɗa mini," na ce.

"Ta ce da ta san haka ne, da jininsa kawai za ta ɗiba ta gwada da tsokar, a ga ko mutum ɗaya ne. Kwana uku ake yi."

Aka ɗebi jinin. Kwana uku, aka ce nasa ne.

Ranar da muka fito daga wurinta na je na zauna a gefen gadonsa, bayan la'asar. Wannan karon ban yi wa bango magana ba. Na faɗa masa tun daga tagar kati har zuwa ƙaryar. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa a ɗaure.

"Katin ai na gani tun a Kano," ya ce. "Na karanta. To ta yaya zan ce maka ka koma ka faɗi sunan Kaka? Wannan ba komai ba ne."

Na jira. Bai taɓo maganar ƙaryar ba. Can ya ce, "Kwana nawa kenan, Baba?"

"Ashirin da uku."

Ya juya fuska wajen bango. Abincin da aka kawo ranar haka aka mayar da shi, na washegari ma haka. Na zauna a kujerar nan kwana biyu ba wanda ya ce wa wani uffan. A rana ta uku ya ce, "Mutum yana jin ƙishi." Na tashi na ba shi ruwa.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Dakta Huda ta ce a turo shi a keken marasa lafiya ya gani da idonsa, tunda jikinsa ne. Ta juyo mana da allon kwamfutar. Layuka ne jere a kan juna, cike da haruffa huɗu kacal suna ta maimaituwa, kowane da launinsa. Ta ce na'ura ba ta iya karanta rubutun gado a tsaye daga farko zuwa ƙarshe. Gutsuttsura shi ake yi ƙanana, ta karanta kowane gutsure, tuli guda wanda mutum ba zai ƙirga ba. Sannan manhajar kwamfuta ta ɗauki kowane gutsure ta nemo masa shafinsa a cikin cikakken littafin da ake da shi na ɗan Adam. Yawancinsu suna komawa shafinsu lafiya. Amma in ta ga gutsuren da farkonsa na wani shafi ne, ƙarshensa na wani shafi mai nisa, sai ta ware shi gefe.

Yaron ya taɓa hannun Malam Shu'aibu. "Malam, ka ce wa ɗalibin ya matso. Haruffa huɗu ne kawai, waɗannan ya iya su."

Malam Shu'aibu ya ƙyalƙyale. Rabon da in ji wasa a bakin yaron tun kafin in faɗa masa. Na matso. Na gane su kuwa, duka huɗun.

Na ce a tambaye ta, kwamfutar ba ta kuskure?

Ta ce tana yi, sosai ma. Takan kawo mahaɗai da yawa na ƙarya, musamman in tsokar ta daɗe a kaki kamar tamu, don rubutun ya riga ya dagargaje. Shi ya sa ba ta yarda da manhaja ɗaya. Uku take sakawa, kowace da yadda take bincike, sai ta duba inda bakinsu ya zo ɗaya, sannan ta zauna ta bi gutsuren da idonta. Ta sa yatsa a wani wuri inda launukan suka canja a kan layi ɗaya daga sama har ƙasa, kamar ɗinkin riga. Ta ce nan ne. Dukansu uku nan suka nuna. Ta faɗi sunan ciwon, ta ce sananne ne, yana jin magani.

Yana jin magani kuwa. Aka fara ƙarin ruwa, gashinsa ya zube, ya yi ta amai, kumburin ya sauka har ana gani. Aka duba huhunsa ba a ga komai ba. Amma ƙashin da ya karye bai haɗu ba, kuma likita ya ce karayar ta watsa ciwon cikin naman da ke kewaye. In aka bar ƙafar, ran ne a cikin haɗari.

Na ce wa Malam Shu'aibu ya tambaye shi, ba tare da kwana-kwana ba, da an fara magani tun farko fa?

Likitan ya buɗe hannuwa. Ya ce babu wanda zai rantse. Wataƙila da ta karye duk da haka.

Na lissafa da kaina a kan matakala. Da an karɓi tsokar ranar farko, kwana uku na jini da mako biyu na kwamfuta, da maganin ya shiga jikinsa kwana biyu kafin ƙashin ya karye. Kwana biyu ba za su hana ƙashi karyewa ba, in ji Malam Shu'aibu, in daina cin kaina. Wataƙila gaskiyarsa. Amma da an san ciwon da wuri da an kwantar da shi a asibiti, da bai miƙe a kan ƙafar a ɗakin nan ba. Wannan ma wataƙila ce. Na kasa zaɓar wadda zan riƙe.

Ranar tiyata aka kawo takardar amincewa. Yaron ya sa hannu da kansa. Wata ma'aikaciya ta ce akwai wurin ɗan'uwa, a rubuta sunan mara lafiya da dangantaka. Malam Shu'aibu ya miƙo hannu zai karɓi biron, na riƙe. Na buɗe fasfon na kwafi sunan harafi bayan harafi, rubutun ya fita daga layi. Yaron yana kallo daga kan gado.

"Baba, ka bar wasali ɗaya."

Na gyara. Aka tura shi.

Mun ƙara wata biyu ana ci gaba da magani, sannan suka rubuta mana sauran a ƙarasa a gida. Ammu Sayyid ya raka mu har bakin mota, ya sumbaci kan yaron. Malam Shu'aibu ya ƙi karɓar hular da na ba shi sai da na rantse.

A gida na faɗa wa uwarsa gaskiya, na faɗa wa matarsa. Uwarsa ta tashi ta shiga ɗaki. Mutanen unguwa kuwa har yau cewa suke yi Malam Haruna ya yi ƙoƙari, ya sayar da abin hannunsa ya kai ɗansa har Masar. In suka faɗa sai in ce Allah ne Ya yi, in nemi hanyar tashi. Yaron yana nan da ransa. Yana zama a wata rumfa kusa da tasha yana sayar da man inji da kayan babur, bayan wata uku-uku muna zuwa Kano a duba shi. Katinsa na can an sake shi da sunansa na yanka.

Ga abin da tafiyar ta ci: gonata ta bakin fadama, shanun noma biyu, babur ɗinsa, wata biyar na karatuna har 'yan ajinmu suka wuce ni, kwana ashirin da uku, da ƙafar dama daga saman gwiwa. Gona da shanu da babur ciwo ne ya cinye su. Ƙafar, Allah ne Ya san wa ya ci ta. Kwana ashirin da ukun kuwa ni ne.